Daga Fatsa zuwa Farfela

Kududdufin bayan garinmu ya zama fulotai. A hankali aka cinye shi: aka fara da zuba shara, sai ɓaraguzan gidajen ƙasa da aka rushe don a yi na bulo, daga baya tifofi suka riƙa juye jar ƙasa. Da na je yawon Sallah bana, shagon cajin waya na tarar a daidai gindin tsamiyar da muke zama mu jefa fatsa. Tsamiyar ma an sare ta. Na tambayi yaron shagon ko ya san an taɓa kamun kifi a wurin, ya yi dariya ya ce, "Baba, kifi kuma? A nan?"

Yana da gaskiyarsa. Ƙasarmu ta arewacin Kano, tun daga Minjibir da Bichi har Dambatta da Makoɗa da Kunchi, ba a san ta da ruwa ba. Jigawa ce mai yashi, gona na bin gona, babu dajin da za ka ɓata a ciki. Duk inda ka duba gawo ne da ɗorawa da kuka a tsakiyar gero da dawa, ga jakuna suna kai takin gida tun kafin saukar ruwa. Mu manoma ne, jikokin manoma. Ruwan da muka gada rijiya ce, da rafin da kan cika da damina ya bar mana yashi da rani, sai kuma kududdufi. Shi kududdufi da hannunmu muka haƙa shi, domin kowace katanga da kowane soro da rumbun da ke garin daga cikinsa aka ɗebo ƙasarsu. Gwargwadon girman gari, gwargwadon zurfin raminsa. Da aka daina gini da ƙasa, sai ramin ya rasa mai kare shi.

Kamun kifinmu wasa ne, kuma kowa ya san wasa ne. Za ka sami sanda mai lanƙwasa, ka warware zaren buhu, ka sayi ƙugiya a wurin mai koli ranar kasuwa, in ba ka da ko kwabo ka lanƙwasa fil. Ka yanko ɓargon karan dawa ka ɗaura a tsakiyar zaren, shi ne zai gaya maka abin da ke faruwa a ƙasan ruwa. Tana kuwa a bakin magudanar gidan wanka ake tono ta, a zuba a gwangwanin madara da 'yar danshin ƙasa. Sai zama. Karfasa takan yi ta tsattsagar tana, ɓargon ya riƙa rawa-rawa yana yaudararka. Tarwaɗa ba ta da wannan wasa, lokaci guda za ta nutsar da shi, ka ji zaren ya yi nauyi har cikin kafaɗarka. Wanda bai iya riƙe ta ba, ƙayar gefen kanta za ta koya masa. Mukan hura wutar kara a bayan gari mu gasa abin da ya samu, da gishiri da barkonon da wani ya faki idon innarsa ya ɗebo. Rabi ƙonanne, rabi ɗanye, ga ƙarni a hannu har dare. Da wannan ƙarnin malamin allo yake gane wanda ya tsere wa karatun yamma, ba sai ya yi tambaya ba.

Mun sha gardama a kan yadda kifi ke shiga ramin da ya bushe ƙaf da rani. Kakata ta ce tare da ruwan sama yake saukowa, kuma ba ta son a ja da ita. Daga baya na gane cewa idan aka yi mamako, kududdufai da rafuka suka haɗe, tarwaɗa na iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare ta sauya wuri, saboda tana iya shaƙar iska a waje. Gaiwa kuma ba ta zuwa ko'ina. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni har damina ta dawo. Manyan yara sukan bi busasshen taɓo da fartanya suna neman ɗan ramin numfashinta. Akwai gidajen da ba a cin gaiwa ko kaɗan, ban taɓa jin dalili ɗaya da kowa ya yarda da shi ba.

Babbar rana ita ce ranar su. Akwai wani tafki a fadamar da ke tsakaninmu da ƙauyukan maƙwabta, wanda tun daga kaka ake rufe shi, ba mai jefa ko homa. Sai ruwa ya ja baya sosai, zafin bazara ya fara, sannan mai gari da Sarkin Ruwa su tsayar da rana, a yi shela a kasuwa. Ranar kowa masunci ne: maƙeri, mahauci, ɗan koli, har almajirai. Masu homa su jeru, marasa ita su zo da kwando ko tsohon zane. Ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya shiga ya fito ya ba da izini. Daga nan sai ihu. Cikin ɗan lokaci ruwan ya koma kunun taɓo, kifi ya rasa numfashi ya riƙa ɗago kai, mutane suna zamewa suna faɗuwa a kan juna, mata da yara a gaɓa da ƙore suna guɗa in wani ya ɗago babba. A nan na fara jin ana yi wa wani mai sabuwar koma ba'a da "kifi na ganinka, mai jar koma". Da yamma a fitar da na mai gari da na liman, a aika wa tsofaffin da ba su iya zuwa ba. A daren duk gari ƙanshin miyar kifi yake, sai kuma baɗi. Abin da ake yi a Argungu, wanda ya zama biki tun 1934 har duniya ta san shi, babban yayan wannan ne. Namu ba mai zuwa kallo, kuma ba wanda ya dogara da shi ya ci abinci.

Amma kada daɗin labari ya sa mu manta da abin da ruwan nan ya yi mana. Kusan duk yaron da ya yi wanka a kududdufi ya yi fitsarin jini, har muka ɗauka alamar girma ce, alhali tsargiya ce ke cin mafitsara. Kurkunu yakan kwantar da magidanci a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsa. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi, kuma rijiyoyin burtsatse da tace ruwan sha ne suka yi wannan aiki. Ga sauro. Sannan da wuya damina ta wuce ba a ji kududdufin wani gari ya ci yaro ba, domin ramin da aka haƙa don ɗibar ƙasa ba shi da gangara, taku ɗaya kana iya gwiwa, na biyu ka wuce tsawonka. Iyayenmu ba su da shinge, sai suka yi mana na tsoro: 'yan ruwa masu jan ƙafa, da aljanin da ke fitowa tsakar rana. Ya yi aiki a kan wasunmu. Duk uwar da ta ga an cike ramin nan ta yi hamdala, ba ni da bakin ce mata ta yi kuskure.

Babban ruwa ya zo mana ne bayan farin farkon shekarun 1970. Gwamnan soja na farko na Jihar Kano, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki aikin datse koguna da gaske. Aka gama Tiga a 1974 a kudu, sannan aikin ya biyo arewa: Tomas a wajen Dambatta, Jakara a Wasai ta Minjibir, Gari a wajen Kunchi, Watari a Bagwai. Cikin 'yan shekaru mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin jifa ba suka wayi gari da ruwan da ba a hango ƙarshensa sosai in hazo ya sauko. Fadamu sun nutse, an tashi wasu ƙauyuka, akwai tsofaffin da har suka rasu suna nuna tsakiyar ruwa suna cewa can gonarsu take.

Abin da aka samu ba kaɗan ba ne. Matashin da a da yakan tafi cin rani da zarar an gama girbi, yanzu yana da tumatir da albasa da shinkafa a bakin dam. Masunta na gado suka zo daga wajen Haɗeja da Yawuri da Argungu da kayan aikinsu, kalli da birgi da mamari, daga baya gurar Mali ta shigo. 'Ya'yan manoma suka koya a hannunsu. Kifi ya tashi daga abin shekara-shekara ya zama abin kullum, mata suna soyawa a bakin titi, dillalai suna kwasa zuwa birni. Yaron ƙauye na yau ya fi mu cin kifi nesa ba kusa ba.

Sai dai da abin ya zama sana'a, rufe ruwa ya zama labari. Wa zai ce wa mai iyali goma ya jira bazara? Idon raga ya riƙa ƙanƙancewa shekara bayan shekara, har na ga inda ake jan gidan sauron da aka raba don mata masu ciki, ana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Sarkin Ruwa yana nan, da rawaninsa, amma yawanci sai an nemi gawa ake tuna shi. Ruwan Jakara kuma yana ɗauke da dattin birnin Kano da na masana'antun Bompai kafin ya iso Wasai, kuma da shi ake ban ruwan latas da kabeji, a cikinsa ake kama kifin da muke saye. Ga kacalla, ciyawar nan mai kan gero, ta cinye gaɓa a wurare da yawa.

Akwai kuma abin da masu zanen dam ba su lissafa sosai ba. Ruwan ya raba ƙauye da kasuwarsa, ya raba mai naƙuda da asibiti. Hanyar da ake bi da ƙafa ko a kan jaki ta nutse, zagaye ta mota kuma ya yi nisa ya yi tsada, in ma akwai hanyar. Dole aka koma kwale-kwale. Da farko da filafili ake tuƙawa, da doguwar gora a inda ba zurfi. Tafiya ce mai cin rai, amma tana da nata birki: hannun mutum ya san nauyin da zai iya ja, in kaya ya yi yawa kafaɗarsa za ta fara ƙorafi tun ba a bar gaɓa ba. Inji ba ya ƙorafi.

Na zauna a wata mashiga ina jiran tsallakawa, na saurari wani saurayi yana shawara da baffansa, tsohon matuƙi, a kan injin da zai saya. Ya haɗa kuɗin albasa da na wani bijimi, an yi masa tayin Yamaha na hannu guda biyu, mai doki 15 da mai doki 40.

"Baffa, babban zan ɗauka. Kafin mai ƙaramin ya je ya dawo na yi sawu biyu."

"Jirgin naka taku nawa ne?"

Ya faɗa.

"To ɗana, ka sayo wa jaki sirdin raƙumi. Wannan inji shi kaɗai ya kai nauyin ƙato. Ka rataya shi a gindin jirgin katakon da ya sha ruwa, kai ma ka zauna a nan, ga jarkar mai. Me ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa?"

Tsohon bai yi boko ba, amma lissafinsa daidai yake da na masu ƙera injin. Mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, mai doki 40 kuwa yana wajen kilo 70. Jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudun da tsawonsa zai ba shi, in ka ƙara masa ƙarfi fiye da haka sai gindinsa ya nutse, hancinsa ya ɗaga, mai ya ƙone a banza. Sannan ya shiga yi masa bayanin abin da zai duba. Ƙafar inji iri biyu ce, gajera da doguwa, wajen inci 15 da inci 20, kuma dole ta dace da tsawon allon bayan jirgi: in ta gaza, farfela ta riƙa kamo iska, in ta zarce, ta riƙa sharar taɓo da kututturan itatuwan da dam ya nutsar. Ya ce kada ya biya sai an tayar da injin a cikin duro mai ruwa, ya ga ɗan ruwan nan da yake tsartowa ta baya, domin shi ne shaidar injin yana sanyaya kansa, in babu shi zai ƙone a tsakiyar tafiya. Ya kwance ƙusar man giya ya duba, in man ya yi fari kamar nono to ruwa na shiga. Irin waɗannan injuna haɗa musu fetur da baƙin mai ake yi, galibi kashi ɗaya na mai cikin kashi 50 na fetur, kuma wanda ya yi rowar man zai biya bakanike ninki. Ya ce ya riƙa ajiye fulogi na ko-ta-kwana da igiyar tayarwa. A ƙarshe ya ce, "Kuma kada ka kuskura ka bar filafili a gida."

Saurayin ya yi ta "to, Baffa", amma a fuskarsa na ga babban zai saya. Ban zarge shi ƙwarai ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mai ya ninka ya sake ninkawa, fasinja kuwa talaka ne, ba zai iya biyan ninkin kuɗin jirgi ba. Hanya ɗaya ta rage wa matuƙi ya fitar da kuɗin mansa, ita ce ya ƙara mutum. Shi ma fasinjan da ya ga rana na faɗuwa, shi ne zai roƙa a matsa masa.

Mun ga inda wannan lissafi yake kaiwa. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka ruwan Watari zuwa Bagwai, cike da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Maulidi. Ya kife. Zuwa washegari an tsamo gawa 29, mafi yawa yara. Hukumomi suka ce lodi ne ya yi yawa, gwamnatin jiha ta dakatar da zirga-zirgar jirage a wurin na wani lokaci. Kuma a wannan ruwa dai, a 2008, jirgi ya taɓa kifewa da 'yan rakiyar amarya. Allah Ya ji ƙansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawancin waɗanda ke hawa jiragen nan ba su iya iyo ba, musamman mata da 'yan mata. A Yawuri ko bakin Tafkin Chadi yaro na tasowa da ruwa kamar yadda namu ke tasowa da fartanya. Mu an kawo mana ruwan a zamani ɗaya, injin a zamani na biyu, ilimin zama da su kuwa har yanzu yana hanya.

Kwanaki wani ɗan ƙanena ya nuna mini bidiyo a waya: mutane a Kanada da arewacin Amurka suna tafiya a kan tafkin da ya daskare, su huda ƙanƙara, su kafa 'yar rumfa su zauna suna jefa ƙugiya don nishaɗi, wani ma in ya kama sai ya mayar. Shi abin da ya ba shi dariya ke nan, a kama kifi a sake shi. Ni kuwa abin da ya ja hankalina sandar awo ce. Hukumominsu sun fitar da ƙa'ida a lamba: kada mutum ya taka sai sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ta kai kaurin inci 4, mota kuma sai ta ninka haka fiye da sau biyu, in ƙanƙarar fara ce mai haɗe da dusa a ninka awon domin ƙarfinta rabi ne. Duk da haka sukan rasa mutane, don ko'ina akwai mai gaggawa. Amma yaro a can yana tasowa da sanin cewa akwai lambar da ba a tsallakewa. Jiragenmu kuwa ba a rubuta wa ko ɗaya adadin mutanen da zai ɗauka ba, a iya waɗanda na hau. Awonmu shi ne matuƙi ya leƙa gefe ya ga saura ɗan yatsa nawa.

Mu ƙanƙarar da muka sani a harkar kifi ta kwali ce. Sukumbiya da shawa daga tekun Atlantika, ana sauke su a Legas, su kwana a ɗakunan sanyi na Kano, su iso kasuwar Dambatta a bayan babur suna naso. Ga kuma tarwaɗar kiwo da ake tarawa a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, wata huɗu zuwa shida ta isa sayarwa, mai kitse, marar ɗanɗanon taɓo. Yaran yanzu sun fi son ta. Na ba wani ɗana tarwaɗar dam ya ce tana warin ƙasa.

Fatsa ba ta mutu gaba ɗaya ba. Ranakun hutu akan ga samarin birni sun zo bakin Tomas ko Wasai da sandar kanti mai naɗe zare, suna ɗaukar hoto, yaran ƙauye na tsaye suna kallonsu suna sayar musu da tana. Nishaɗin da muka yi kyauta a bayan gida yanzu sai mai kuɗin mai, su kuma yaran da ke kwana kusa da ruwan, in sun shiga to aiki ne aka sa su, jan raga ko kwarfar ruwa daga jirgi.

Da jirginmu ya tashi lodi a mashigar nan, na tambayi yaron jirgin rigar kariya. Akwai wasu 'yan ƙalilan da wata ƙungiya ta taɓa rabawa, an jera su a kan benci ana zama a kai don laushi. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini, igiyarta ɗaya ta tsinke. Wani fasinja ya ce, "Alhaji, in kwana ya ƙare ai riga ba ta hanawa." Na ce haka ne, amma shi ma da ya fito daga gida ai ya kulle ƙofarsa. Aka yi dariya, aka ci gaba da lodi: buhunan masara, babura biyu, akuya, mata da goyo. Na ƙirga kawuna, na leƙa gefen jirgin, na sauka na ce zan bi na gaba. Ba wanda ya ji haushi, nan take wata mata mai tallan ƙuli-ƙuli ta zauna a wurina, yaron jirgin kuma ya karɓi rigar ya mayar kan benci.